Yadda Ɗalibi Zai Zagaya da Mahaifinsa ko Mahaifiyarsa a Birnin Alƙahira

Iyaye ba su cika kai wa 'ya'yansu da ke karatu a ƙasashen waje ziyara ba, saboda tsadar tafiya da wahalar samun biza, amma Alƙahira tana cikin biranen da ake yawan kai irin wannan ziyara. Akwai jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Kano da Abuja, tafiyar ba ta kai awa shida ba, kuma dattawa da yawa sukan haɗa ziyarar da ganin likita, ko su yada zango a kan hanyarsu ta Umara. Ɗalibin da ke Jami'ar Azhar ko wata daga cikin jami'o'in birnin, idan aka sanar da shi cewa mahaifinsa ko mahaifiyarsa na tafe, ya kamata ya gane tun farko cewa shi aka zo gani. Dala, wato manyan kaburburan Fir'aunoni masu tsini, da Kogin Nilu da tsofaffin masallatai duk suna da matsayinsu, sai dai abin da ke ran dattijon da ya shekara yana aiko da kuɗin makaranta shi ne ya ga inda ɗansa yake kwana, da abin da yake ci, da mutanen da yake zama da su, ya koma gida hankalinsa a kwance. A kan wannan za ka gina tsarin kwanakin gaba ɗaya.

Idan an ba ka dama ka zaɓi lokaci, ka ba da shawarar a zo tsakanin Oktoba da Nuwamba, ko a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura ma'auni 35, kuma yawancin wuraren tarihi fili ne fetal babu inuwa. A Disamba da Janairu kuwa sanyin dare yakan sauko kusa da ma'auni 10, gidajen haya da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki, don haka wanda zai zo a lokacin ya taho da rigar sanyi mai kauri da safa, kai kuma ka tanadi bargo biyu. Daga Maris zuwa Mayu akan yi iska mai zafi da ƙura wadda Misirawa ke kira khamasin, ba ta yi wa mai asma ko ciwon ƙirji daɗi. Ka kuma duba jadawalin jarrabawarka kafin a sayi tikiti, domin babu mahaifin da zai ji daɗi idan ya gane cewa zuwansa ne ya hana ɗansa bita.

Batun takardu ka bi shi da kanka ta waya, kada ka bar wa ƙanne a gida. Ana neman biza kafin a taso, kuma hukumomin Masar suna tambayar katin rigakafin cutar shawara ga wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar. Duk maganin da Baba ko Hajiya ke sha, na hawan jini ne ko na ciwon sukari, a zo da shi a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, a sa shi a jakar hannu. Dokar Masar tana da tsanani a kan wasu magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol, kuma shigo da su ba tare da takarda ba yana iya kai mutum gaban kotu. Ka roƙe su da ladabi kada su karɓi saƙon da ba su buɗe sun gani ba, ko da daga wanda suka sani ne.

Masauki shi ne abu na biyu da ke buƙatar a fara shi da wuri. Ɗakunan kwanan ɗaliban ƙetare na Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya ba wurin saukar baƙi ba ne, gidan hayar da samari biyar ke zaune a ciki ma bai dace da dattijo ba, balle uwa. Abin da ya fi shi ne ka kama gida mai kayan ɗaki na 'yan kwanaki a unguwar Madinatu Nasr, kusa da inda kake, ko otal mai sauƙin kuɗi. Kafin ka biya, ka je da ƙafarka ka tabbatar cewa na'urar hawa bene tana aiki, domin hawa na biyar ba tare da ita ba azaba ce ga mai ciwon gwiwa. Ka gwada ruwan zafi, ka duba santsin banɗaki, ka sayi buta da darduma da takalmin wanka, ka gano alƙibla, ka kuma auna nisan masallaci mafi kusa da takun dattijo.

Ranar isowa ka riga jirgi zuwa filin saukarsa, ka tanadi layin waya da aka riga aka yi wa rajista domin su kira gida su ce sun sauka lafiya. Kada ka tsara komai a wannan rana in ban da wanka da abinci mai ɗumi da barci. Agogon Masar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, a watannin zafi kuma da awa biyu, saboda haka ka gyara musu agogo, ka rubuta lokutan salla a takarda ka manna a bango.

Rana ta biyu ita ce mafi muhimmanci, kuma ita ce ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ka kai mahaifinka ɗakinka yadda yake, ka share shi amma kada ka ari kayan wani ka ƙawata shi, kada kuma ka ɓoye yawan waɗanda kuke kwana tare. Ka gabatar masa da abokan zamanka ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da garinsu da abin da yake karantawa, ka bar su su gaisa a tsanake, domin daga wannan gaisuwa dattijo yake karantar abin da ba za ka iya faɗa masa da baki ba. Daga nan ku je tsangayarku, ya ga ajin da kake zama da allon da ake kafe sakamako. Idan akwai malamin da ya san ka, ka nemi izininsa tun da wuri ya ba ku minti goma. Kalma ɗaya ta yabo ko ta nasiha daga bakin malami ta fi duk hotunan da za ku ɗauka a gaban dala nauyi a wurin mahaifi. Da dare, idan kun keɓe, ka buɗe masa lissafin kuɗinka: haya nawa, abinci nawa, littattafai nawa, sabunta takardar izinin zama nawa. Darajar fam ɗin Masar ta faɗi sosai a 'yan shekarun nan, farashi ya tashi, kuma wanda ke gida ba zai fahimci dalilin da ya sa kuɗin bara ba sa isa bana ba sai ya ga farashin da idonsa. A ganina wannan zama ya fi cancanta a yi shi a farkon ziyara, saboda idan aka bar shi sai daren tafiya yakan zama kamar roƙo.

Bayan haka sai a fara fita gari, kuma ƙa'idar da za ka riƙe ita ce wuri babba ɗaya a yini, a fita bayan karin kumallo, a dawo a yi ƙailula, in akwai sauran ƙarfi a ɗan taka da yamma. Alƙahira da kewayenta tana ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma tafiyar da taswira ta nuna minti ashirin tana iya cin awa guda da rana tsaka. Ka tsara kowace fita ta yadda lokacin salla zai same ku a bakin masallaci mai wurin alwala mai tsabta.

Ku fara da Masallacin Azhar. An aza harsashinsa a shekarar 970 a zamanin Faɗimiyyawa, aka fara sallar Juma'a a cikinsa a 972, kuma har yau ana zaman karatu a cikinsa, malami a kan kujera, ɗalibai sun kewaye shi a ƙasa. Dattijon da ya yi karatun zaure zai gane wannan zama nan take, don haka ka nemi lokacin wani darasi ku zauna a gefe ko da na rabin awa ne. Ka ba shi labarin cewa masallacin yana da sassan da aka keɓe wa ɗaliban ƙasashe daban-daban tun ƙarnoni da suka wuce, cikinsu har da na Barnawa, kuma tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Malikiyya a tsohon birnin domin ɗalibansu da alhazansu. Ka ƙara masa da cewa Shehu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a wannan birni a 1505, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Irin wannan bayani yana sa mahaifi ya ji cewa ɗansa yana kan tsohuwar hanya ce da magabata suka bi. A bayan masallacin akwai lungun Darbul Atrak mai cike da shagunan littattafai, kuma idan Baba ma'abocin karatu ne, ka ware masa awa biyu cur a nan, ka zama mai riƙe jaka.

Tsallaken titi akwai Masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, wadda ta samo asali tun ƙarni na 14. Akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu tafiya a ƙafa tsakanin ɓangarorin biyu, ita za ku bi. Titin Mu'izz, wanda ya miƙe daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, yana da kyau da yamma idan an kunna fitilu, amma tsawonsa ya kai kilomita guda kuma daɓen dutse ne, saboda haka ku ɗauki rabinsa kawai, ku tsaya a ginin Sarki Ƙalawun na shekarar 1285 wanda ya haɗa makaranta da asibiti.

Idan kuna son sallar Juma'a a Azhar, ka tuna cewa a Masar ana hawa mumbari da zarar rana ta yi zawali. A watannin sanyi hakan yana kamawa kusan ƙarfe goma sha biyu, wani lokaci ma kafin nan, kuma wanda ya saba da Juma'ar ƙarfe biyu zai iske an sallame. Ku isa awa ɗaya da rabi kafin lokaci domin ku sami wuri kusa da ginshiƙin da za a jingina, ku saurari karatun Alƙur'anin da ake yi kafin huɗuba. Idan mahaifiyarka ce ta zo kuma kai namiji ne, ka roƙi wata ɗaliba 'yar gida ta raka ta ɓangaren mata a wannan rana da ma sauran ranakun masallatai, ku kuma yi alkawarin ƙofar da za ku haɗu bayan salla, domin cunkoson fitowa yana raba mutum da ɗan'uwansa cikin ƙiftawar ido.

Wata ranar ku nufi kudancin birni. Hubbaren Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekarar 820, yana cikin maƙabartar Ƙarafa, ƙarƙashin babbar ƙubbar da aka gina a 1211, kuma kabarin Imamu Laisu ɗan Sa'adu ba shi da nisa daga nan. An yi rushe-rushe da sababbin tituna a yankin a shekarun baya-bayan nan, don haka ka je kai kaɗai tukuna ka gane hanya kafin ka ɗauko dattijo. Daga nan sai Fusɗaɗ, inda Masallacin Amru ɗan Asi yake, masallaci na farko da aka gina a Masar bayan shigar Musulunci wajen shekarar 642. An sha faɗaɗa shi da sake gina shi, ginin da ake gani yanzu ba na farkon ba ne, kuma ya kyautu ka faɗi hakan yadda yake.

A wannan yanki ne kuma gidan tarihin wayewar Masar yake, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. Da wuya dattijon ƙasar Hausa ya zo Alƙahira bai ce a kai shi ya ga Fir'auna ba. Ka kai shi, amma ka yi masa bayani na gaskiya: Fir'auna laƙabi ne na sarakuna masu yawa, mutane da dama suna nuna Ramsis na Biyu a matsayin na zamanin Annabi Musa, masana tarihi kuwa ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Zauren gawarwakin yana ƙarƙashin ƙasa, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma akwai iyayen da ba sa son kallon gawa ko kaɗan. Ka tambaya kafin ka sayi tikiti.

Ganuwar Salahuddini, wadda aka fara ginawa a 1176, tana kan tudu, daga can ana hango birnin gaba ɗaya, sai dai akwai hawa da tafiya mai ɗan tsawo daga ƙofa zuwa Masallacin Muhammadu Ali. Idan ƙafa ba ta da ƙarfi, ku wadatu da Masallacin Sultan Hasan da ke gindin tudun, ginin ƙarni na 14 wanda aka yi wa sassa huɗu domin mazhabobi huɗu, ka nuna masa na Malikiyya. Masallacin Ibnu Ɗulun, da aka kammala a 879, shi ne wurin da ya fi dacewa da wanda hayaniya ta gajiyar, saboda faɗinsa da ƙarancin jama'a.

Dalar Giza tana buƙatar yini nata na musamman da kuma shiri na daban. Ku tashi da sassafe, domin daga Madinatu Nasr tafiyar takan ɗauki awa guda ko fiye, kuma ƙarfe goma sha ɗaya na yi rana ta fara duka. Babbar dalar ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146 ne. Kada ka bari a shigar da dattijo cikinta, hanyar ƙunci ce, ana tafiya a sunkuye cikin zafi, kuma abin da ke ƙarshenta ɗaki ne da babu komai sai akwatin dutse. Masu raƙuma da dawakai da masu sayar da tsaraba za su yi muku caa. Ka gaya wa Baba tun a mota kada ya karɓi abin da aka miƙa masa da sunan kyauta, kada ya ba kowa tikitinsa ko wayarsa in ba ma'aikacin ƙofa ba, kuma idan yana sha'awar hawa, kai za ka yi ciniki, ku daddale kuɗin hawa da sauka da tsawon lokaci kafin a ɗora ƙafa. Tikitin baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada nesa ba kusa ba, katin ɗalibi yana rage maka naka, kuma manyan wuraren tarihi da dama yanzu da katin banki kawai ake biya, saboda haka ka riƙe katin da ka tabbatar yana aiki a Masar.

Game da abin hawa, ka ajiye ƙananan motocin bas da ka saba shiga, waɗanda ake hawa suna tafiya. Ka yi amfani da Uber ko makamancinsa, inda kuɗi ke bayyana tun kafin a tashi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, yana da sauri da arha, kuma yana da kyau ka ɗora su sau ɗaya su gani, amma ba da safe ko bayan la'asar ba lokacin da ma'aikata ke cika shi. Akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgin, mace tana iya shiga kowane tarago, namiji kuwa ba ya shiga nasu. Tsallaka titi shi ne haɗari mafi girma a birnin, domin motoci ba sa tsayawa. Ka tsaya ta ɓangaren da motoci ke zuwa, ka riƙe hannunsu ko gefen riga, ku bi bayan 'yan gari, kuma ka nemi gada ko da za ta ƙara muku tafiya.

Abinci yakan zama matsala daga rana ta uku, lokacin da marmarin baƙon abu ya wuce. Abin farin ciki shi ne cimar Misirawa tana da abubuwan da harshen Bahaushe ya sani: mulukhiyya miyar lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, ana kuma sayar da ruwan tsamiya da na goruba da na rake a shagunan lemo. Su ɗanɗana koshari, wato haɗin shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) da soyayyar albasa, da ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosai) da gurasa da safe, amma ka tabbatar akwai tuwo da miyar gida aƙalla sau ɗaya a yini, ko ka tuƙa da kanka ko ka haɗa kai da abokai. Mai ciwon sukari ya yi hattara da shayinsu da ruwan rake, kai za ka riƙa cewa a kawo ba sukari. Ruwan sha kuwa ka sayi na roba.

Akwai wani abu mai laushi da ya ratsa dukan waɗannan kwanaki. A gida mahaifi ne ke gaba, shi ya san hanya, shi ke magana, shi ke biya. A nan kai ne ka san hanya, kai ne mai harshe, kuma wannan juyi yana iya yi wa dattijo nauyi ko da bai furta ba. Maganinsa shi ne ka riƙa gabatar da komai a matsayin shawara: "Baba, in kun ga ya dace, gobe mu je Azhar, in kuma kun fi son hutawa sai mu bari jibi." Ka canza masa kuɗi ka sa a aljihunsa, har da ƙanana, domin ya biya da hannunsa, ya ba mai gadin takalma ɗan ihsani, ya yi sadaka ba tare da ya juyo ya tambaye ka ba. Idan yana jin Larabcin littafi, ka bar shi ya yi magana da mutane. Za su fahimce shi, sai dai za su amsa da Larabcin gari inda ake furta harafin jimun da sautin "ga", a nan ne kawai za ka sa baki. Idan kana fassara, ka fassara duk abin da aka faɗa, kada ka amsa a madadinsa sannan ka ce masa ba komai. Idan ya yi kuskuren suna ko na hanya, ka gyara a hankali bayan kun keɓe. Idan kuma wani yaro a titi ya jefo magana a kan launin fata, abin da ɗaliban Afirka suka san yana faruwa, ka wuce ba tare da tanka masa ba, domin rigima a gaban mahaifi za ta bar masa damuwar da zai tafi da ita gida. Ka kuma gargaɗe su kada su ɗauki hoton 'yan sanda ko sojoji ko gine-ginen gwamnati, kuma kowa ya riƙe kwafin fasfonsa da adireshin masauki a rubuce da Larabci.

Idan akwai ganin likita a cikin tafiyar, a fara da shi a kwanakin farko, saboda sakamakon gwaje-gwaje yakan ɗauki kwanaki kuma likita zai so ya sake ganinsu. Ka nemi likita ta hanyar wanda ka yarda da shi, ka guji dillalan da ke tare baƙi, ka nemi a rubuta kuɗin kowane aiki kafin a fara, ka karɓi rasit da rahoton likita da Ingilishi domin likitan gida ya iya ɗorawa a kai.

Ka bar yamma ɗaya domin Kogin Nilu, ku ɗauki kwalekwale mai filafilai na awa guda kafin magariba, ku kaɗai ba tare da kiɗa ba, domin a irin wannan zama ne maganar gida da ta aure da ta abin da za a yi bayan kammala karatu kan fito da kanta. Sayayyar tsaraba kuma a yi ta kwana biyu kafin tafiya. Khan Khalili ta 'yan yawon buɗe ido ce, farashinta a sama yake. Jallabiya da abaya da mayafai da turare sun fi sauƙi a Muski da Ataba, kuma ciniki dole ne. Ka sa su rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba tun a masauki, ka ari ma'auni ka auna jakunkuna a gida, musamman idan an sayi littattafai, domin kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi yana iya fin kuɗin kayan kansu. Ranar komawa ku bar masauki da wuri yadda za ku isa awa uku kafin tashi, ka mayar da magunguna da rahoton likita cikin jakar hannu, ka rubuta lambar jirgi da lokacin saukarsa da agogon gida ka aika wa wanda zai tarbe su, kuma kada ka bar filin jirgin sai sun kira ka sun ce sun wuce jami'an shige da fice.